Kankaren da Ya Ƙi Bushewa

Likita mutum ne da bai yarda da abin da bai ƙwanƙwasa ba. Shekara da shekaru yana leƙa bakin mutane, kuma babban abin da ya koya a ciki shi ne, duk haƙorin da ka gani fari tas a waje, kada ka rantse a kan cikinsa. Da wannan idon yake zaɓen kankana a kasuwa, da shi yake duba tayar mota, da shi ya kalli mazan 'ya'yansa ranar da suka fara zuwa gaishe shi. To, irin wannan mutumin ne aka zuba wa kankare a filin da ke bayan ɗakunansa, aka ce ya zuba ido kawai.

Kwamin iyo ake ginawa, kuma ba don marmari ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda lissafin da ta koyar har ta yi ritaya, ta zame a kicin ta karya ƙashin ƙugu. An yi aiki, aikin ya yi kyau, hoto ya nuna ƙashi ya haɗe. Amma Malama ta ƙi tafiya. Daga gado zuwa kujerar bakin taga, daga kujera zuwa banɗaki, nan duniyarta ta tsaya. Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka sayo mata ya koma wurin rataye tawul. Mai gashin ƙashin da ke zuwa duba ta ta ja Likita gefe ta faɗa masa gaskiya: in aka ci gaba a haka, ƙafar za ta saba da zama, kujerar nan kuma ta zama ta din-din-din. Ta ce tafiya a cikin ruwa tana taimakon irin su, don ruwa yana ɗauke nauyin jiki, yana rage tsoron faɗuwa. Malama ta ce ita da girmanta ba za ta je otal ta shiga ruwa yara suna kallonta ba. Likita ya ce shi ke nan, ruwan zai zo gida.

Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Tsoron ya tsufa yana kallon matar da a da ba ya iya cim mata a kasuwa tana zaune wuri ɗaya kamar kayan ado. Sai dai tsoron nasa ya fito ta hanyar da ba ta da amfani. Ko cokali ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai ya riga ta. In ta yunƙura, ya ce, "Zauna, zauna, me kike so?" Ita kuwa ta daina musu da shi, abin da bai taɓa faruwa ba tun aurensu, kuma wannan shirun ya fi karayar ɗaga masa hankali.

Autarsu injiniyar gini ce, ita ta karɓi aikin. A waje ana ba ta benaye ta tsayar, a gida kuwa har yanzu yarinyar da ta taɓa haɗiye maɓalli ce. Ranar zuba kankare Likita ya fito da farar rigarsa ta asibiti, da ɗan madubin nan mai doguwar mariƙa da yake zura wa mutane a baki. Ya leƙa ƙarƙashin rodi da shi. Ya damƙi yashi ya shinshina. Ya ɗebi tsakuwa ya kai famfo ya wanke, wai yana son ya ga ainihin launinta. Kafin rana ta take, ma'aikata sun sa masa suna Sufeto, suna faɗa a gabansa, shi kuma yana amsawa.

"Auta, wannan kwaɓin bai yi ruwa ba?"

"Daidai yake, Baba."

"Na ɗazu kuma na ga kamar ya yi tauri."

"Kwaɓi ɗaya ne, Baba."

"Simintin fa? An ce yanzu ana sake wa buhu ɗinki, a cika shi da toka."

"Baba, don Allah je ka kai wa Umma shayi."

Da yamma kwami ya fito da siffarsa: ɓangare marar zurfi mai matakala a kusa da baranda, ɓangare mai ɗan zurfi can ƙarshen fili wajen tankin ruwa. Washegari, da kankare ya kama, Auta ta sa aka lulluɓe ƙasan da gefen da bakin da tsofaffin buhuna, aka jiƙa su sharkaf. Tana da wani aiki a wani gari, za ta yi mako ko fiye. Ta tsaya a baranda, inda uwarta za ta ji ta taga, ta yi bayani dalla-dalla.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada a bar shi ya bushe. Safe, rana, yamma, a ba shi ruwa. Buhunan nan kada a ɗaga su. In ya bushe da wuri zai tsattsage, kuma kwamin da ya tsage ba ya riƙe ruwa. Baba, ka ji?"

Likita ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da marasa lafiya suke yi masa in ya ce su rage zaƙi.

Don shi ma ai ya san siminti. Masu gini suna ganin su kaɗai ne ke da shi, alhali likitan haƙori da siminti yake manna haƙorin roba, da shi yake cike kogo. Kuma doka ta farko da aka dasa masa tun yana ɗalibi ita ce, danshi abokin gaba ne. Kafin a yi ciko sai an cusa auduga, an zuƙe yawu, an hura iska har wurin ya bushe ƙamas. Ɗigo ɗaya ya shiga, aiki ya ɓaci, mutum ya dawo bayan wata yana riƙe da kunci yana zaginka a zuci. Yanzu kuma yarinyar da ya koya wa goge baki ta ce masa a jiƙa siminti don ya yi ƙarfi. Ya yanke cewa ko dai ta juya karatun, ko kuma wannan dabara ce ta masu gini ta ɓoye aibu a ƙarƙashin buhu.

Motar Auta ba ta daɗe da barin layin ba ya naɗe ƙafar wando ya sauka. Ya kwashe buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su a kan katanga. Ya fito da fankar falo da ta ɗakin baƙi, ya jera su a baranda, ya juya fuskokinsu ga kwami.

Malama ta ƙwanƙwasa gilashin taga da zobenta. "Likita, ba haka yarinyar nan ta ce ba."

"Malama, tun kafin a haife ta nake aiki da siminti."

"A bakin mutane."

"Siminti siminti ne. Ke dai huta."

Ta yi masa kallon hadarin kaji, ta ja labule. Shi kuwa ya ɗauki makullinsa ya tafi asibiti, don har yanzu yana zuwa da safe ya ga tsofaffin masu zuwa wurinsa, waɗanda suka rantse ba mai taɓa musu baki sai shi.

Da ya dawo bayan azahar, bai ko shiga ɗaki ba, ya zarce baya don ya ga farin kankare busasshe. Ya tarar da rabin kwamin baƙi wuluk, a jiƙe, ruwa har ya kwanta a kan matakala. Ya ɗaga kai: sama tas, babu ko ɗigon gajimare. Ya duba tiyo: yana naɗe a jikin famfo yadda ya bar shi. Gidan a kulle yake, ba kowa a ciki sai matar da ba ta iya zuwa ƙofar falo. Abin da yake gudu ne ya faru: kankaren rarake ne, ruwan ƙasa ke tsattsafowa ta cikinsa.

Ya sauka da madubinsa da ƙaramar guduma. Ya ƙwanƙwasa nan, ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa can. Ko'ina amo ɗaya yake bayarwa, amma wannan bai kwantar masa da rai ba, don ya sha ganin haƙori mai amo mai kyau da ruɓa a gindi. Can ɓangaren mai zurfi, wanda ya bushe fari fat, ya hango wasu 'yan layuka sirara kamar gashi. Ya ce to, ga shaida ta biyu.

Ya goge ruwan da tsumma, ya ƙaro fankar ɗakin kwana. Washegari ya dawo ya tarar laimar ta ƙara matsawa gaba. Kashegarinta ta ci kusan duka. Cutar yaɗuwa take yi, in ji shi. A cikin yashin da ke kewaye da bakin kwamin ya lura da wasu 'yan ramuka zagayayyu, huɗu-huɗu, a jere. Ya tsuguna ya duba su da madubi, ya ce wannan sawun tsanin ma'aikata ne, ya tashi. Mutumin da ke gano kogon da bai kai ƙwayar gero ba, ga shi ya tsallake abin da ke gaban hancinsa.

A teburin cin abinci ya kasa haɗiye komai. Malama kuwa, abin mamaki, ta cinye nata har ta nemi ƙari.

"Kankaren nan kuka yake yi," ya ce.

"Allah sarki. Wa ya taɓa shi?"

"Ba wasa nake ba. An cuci yarinyar nan a siminti. Ko kuma ita ce ba ta iya ba."

Malama ta ajiye cokali. "Ka ce an cuce ta, na ji. Ɗayar maganar kuma ka mayar da ita inda ka ɗauko ta."

Ya ji daɗin wannan tsawar fiye da yadda zai iya faɗa, don rabon da ta ɗaga masa murya tun kafin faɗuwarta. Amma damuwar ba ta sake shi ba. In kwamin ya lalace sai an fasa an sake, wata da watanni ke nan, kuma mai gashin ƙashi ta ce ƙafar ba za ta jira ba. Ya fita baranda ya kira Auta.

"Kankarenki yana fitar da ruwa."

"Ai jiƙa shi ake yi, Baba."

"Ba mai jiƙa shi."

"Ban gane ba. Buhunan fa?"

"Suna nan lafiya. A kan katanga."

"Baba!" Ya ji ta ja dogon numfashi, irin na uwarta. "Tun yaushe?"

Ya yi kunnen uwar shegu da tambayar, ya zayyana mata alamomin cuta yadda ake yi wa babban likita: ya bar shi a bushe, ya dawo ya same shi a jiƙe, kullum abin gaba yake yi.

"Tsaya," in ji Auta. Muryarta ta sauya. "Kana fita ka kulle gida. Ka dawo ka same shi a jiƙe."

"Sharkaf."

"Har ina laimar ta kai?"

"Yau har wajen tanki."

"Har wajen tanki," ta maimaita a hankali. Sai ya ji wani sauti, bai san ko dariya ba ce ko kuka. Ta ce ana kiranta, za ta neme shi, don Allah ya mayar da buhunan. Ta kashe.

Likita ya ce ai ga ta nan, jikinta ya yi sanyi, ta san an yi aika-aika. Tausayinta ya kama shi, ya ƙudura zai rufa mata asiri, amma sai ya ga cikin kankaren da idonsa. A sana'arsa, in ana shakkar haƙori, buɗe shi ake yi. Da safe ya sa farar rigarsa, ya kunna fankoki, ya yi wa Malama sallama, amma maimakon asibiti sai ya wuce shagon kayan gini ya sayi injin huda bango, da baki mai kaurin yatsa. Ya ajiye mota a bakin layi don kada ƙarar ta tashi Malama daga barcin hantsi, ya shigo ta ƙaramar ƙofar gefe, wadda ke ɓullowa bayan tanki.

Ƙarar ruwa ya fara ji. Sannan wani sauti: ƙwas, shiru, ƙwas, shiru.

Ya leƙa ta gefen tanki. Malama ce. Tana sanye da takalminsa na roba na wankin mota, ta ɗaure zani tamau, hannuwanta biyu a kan ƙarfen dogarawa. Ta ɗaure bakin tiyo a jikin ƙarfen da igiyar labule. Ruwan famfon gidan ba shi da ƙarfi, ba ya yin nisa, saboda haka duk inda take son ya jiƙe sai ta kai kanta wurin. Ta ɗaga ƙarfen ta dasa a gaba, ta jawo ƙafa mai lafiya, ta jawo ɗayar, ta tsaya ta karkata tiyon ya zuba. Gumi ya jiƙa mata wuya. Daga baranda zuwa inda take tsaye ya ninka tsawon falonsu, falon da ta ce ba za ta iya ƙetarewa ba.

Ƙafarsa ta riga tunaninsa, har ya ɗaga ta zai ruga ya riƙe ta. Abin da ya tsayar da shi murya ce da ta fito daga jakar da ke rataye a ƙarfen. Auta ce a waya.

"Umma, ki bari in faɗa masa. Kankaren ba abin da zai same shi tunda bai bushe ba, ke nake ji."

"Kada ki kuskura. Yana sani zai ƙwace tiyon ya ce in je in kwanta. Ya kawo mini ruwa, ya kawo mini filo, ya tsaya a kaina kamar ni gawa ce."

"To ƙafar fa?"

"Ranar farko na yi kuka, da ƙyar na kai rabi. Sai na ce wallahi ba zan zauna ina kallo ta taga tsohon nan ya ɓata miki aiki da fanka ba, gobe ya ce ba ki iya ba." Ƙwas. "Yau ga ni a wajen tanki. Sai dai naɗe tiyon nan ne ke cin raina, sai na zauna a kan bokiti."

Likita ya manne da tanki, injin huda bango a ƙirjinsa kamar jariri. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa kunne zafi. Farin ciki kuma ya taso ta ƙarƙashinta ya fi ta ƙarfi, har sai da ya toshe bakinsa da hannun riga. Ya tsaya a nan bai motsa ba har ta gama zagayen, ta juya, ta kama hanyar baranda. Wannan tsayuwar ita ce aiki mafi wuya da ya taɓa yi, kuma bai taɓa kowa ba.

Ya fice ta inda ya shigo. A cikin mota ya kira Auta, ya ce a matsayinsa na mai sha'awar ilimi kawai, yana son ya ji me ya sa kankare yake son ruwa. Ta ce masa ba bushewa ke sa shi tauri ba, shan ruwan yake yi a hankali yana ƙarfi da shi. A hana shi, ya tsaya a rabin hanya. 'Yan layukan da ya gani kuma na sama-sama ne, a inda ruwa bai kai ba a kwanakin farko, za ta cike su in ta dawo.

"Ciko ke nan," in ji shi.

"Ciko ne, Baba. In kana so kai za ka riƙe mini madubi."

"Na ga Ummarki da tiyo," ya ce. Ya kashe wayar, ya tayar da mota.

Da yamma ya mayar da fankoki ɗakunansu. Ya sauko da buhuna daga katanga ya shimfiɗa su yadda ya same su, ya jiƙa su har suna ɗiga. Ya gaya wa Malama, yana kallon gefe, cewa ya yi nazari ya ga a gwada hanyar yarinyar. Malama ta ce madalla. Amma ya ga yadda idonta ya koma kan ƙarfen dogarawa, ya ga ta ɗauki tawul ta rataya a kai.

Abin ya tsaya masa a rai har gari ya waye. Da sassafe ya fita ya shayar da kwamin gaba ɗaya, lungu da saƙo. Sannan ya je tsakiyar bakin kwamin, daidai inda ake hangowa daga taga, ya yaye buhu biyu ya jefa kan katanga. Ya dawo baranda yana magana da ƙarfi, wai shi kaɗai.

"Ko mene ne dai, wannan gefen yana bukatar ya sha iska. Ba za a ce mutum bai san aikinsa ba."

Ya dawo da rana ya tarar an jiƙa wurin, ga sawu huɗu-huɗu a yashi, ga tawul a yashe a kan gado. Washegari ya sake. Ranar da ta biyo baya ma haka. Kullum sai ya tsaya a bakin kwami ya riƙe ƙugu ya yi mamakin wannan kankare mai taurin kai, ita kuma ta ce ai sai addu'a.

Ana gobe Auta za ta dawo, suna shan shayi a bakin taga, rana ta yi sanyi. Likita ya ajiye mata kofin a kan teburin da ke ɗan nesa, ya yi kamar mantuwa ce. Malama ta dubi kofin, ta dube shi. Ta jawo ƙarfenta, ta miƙe, ta je ta ɗauko, ta tsaya a nan tana kurɓa.

"Likita."

"Na'am."

"Injin huda bangon da ke bayan kujerar motarka, ka mayar musu tun bai yi tsatsa ba."

Ya buɗe baki, ya rufe.

"Kuma farar riga ba ta ɓuya a bayan baƙin tanki," ta ce. "Gobe in za ka yaye buhun, ka yaye na can ƙarshe. Na tsakiyar nan ya yi mini kusa."